Mai da Ruwa a Sirinji Ɗaya: Allurar Ciwon Daji Mai Aiki Sannu a Hankali

Ina gaida mutanen Gumel, da na Maigatari, da na Gagarawa, da na Sule Tankarkar. Ina gaida 'yan uwanmu na tsallaken iyaka, wajen Dungas da Magarya, waɗanda muryarmu ke kaiwa gare su. Iyayena mata da ke tsakar gida, sannunku da aiki. Baba da ke kishingiɗe a zaure, a ɗan ƙara murya.

Yau maganarmu a kan ciwon daji ce. Wasu su ce sankara, wasu su ce kansa. Za mu tsaya ne a kan wata irin allura da ake haɗa ta da mai da ruwa. Ana yin ta sau ɗaya, ta zauna a jiki, ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan, kwanaki, wani lokacin har watanni.

Na san wani ya riga ya gyara zama. Allura kuma? Ai daji ba ya son ƙarfe! Na ji wannan magana a gidan suna, na ji ta a mota. Ku riƙe mini ita, zan dawo kanta.

Mu fara da matsalar da ta sa aka nemi wannan dabara.

Mu ɗauka wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye a Sule Tankarkar. Ta ji ƙulli a mama. Ta je Babban Asibitin Gumel, aka tura ta gaba, ko Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Aka tabbatar daji ne. Aka ce za a sa mata maganin nan mai ƙarfi da ake bi da shi ta jijiya, wanda ake kira kemo. Yawanci duk bayan mako 3 ake sa shi, sau 6 ko sau 8. In kuma ana bukatar a gasa ƙullin da na'ura, sai an dangana da irin su Asibitin Shika a Zariya.

Ku lissafa da ni. Kuɗin mota, zuwa da dawowa. Kuɗin mai rakiya. Wurin kwana. Yara a gida. In damina ce, ga gona tana jira. Zuwan farko an sayar da akuya. Zuwa na uku an taɓa buhun riɗi. Kafin na biyar, wasu sun haƙura sun zauna. Ƙididdigar 2022 ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da mutum 120,000 ne ke kamuwa da daji a Najeriya a shekara, kuma kusan 80,000 ke rasuwa. Hanya da aljihu suna da nasu kaso a cikin wannan lissafi.

Akwai kuma halin maganin kansa. Allurar da muka saba da ita wutar kara ce. Ta shiga jini, ta yi sama lokaci guda, ta zagaye jiki duka. Sai hanta da ƙoda su kama aikin fitar da ita. Kafin ka ankara ta mutu. A lokacin da take ci bal-bal, ba ta tambayar wane ne daji, wane ne lafiyayye. Shi ya sa gashin kai ke zuba, baki ya yi gyambo, amai ya taso, jini ya yi ƙasa.

Sai masu haɗa magani suka ce, to ina ma a samu wutar gungume? Wadda za a rufe da toka da daddare, a tashi da asuba a tarar da garwashinta. Ba ta tashi sama, ba ta mutuwa. Wannan shi ake nufi da sakin magani sannu a hankali. Ku riƙe wannan: wutar kara da wutar gungume.

Yanzu sai kashi na biyu. Mu je kasuwar Maigatari, ranar Alhamis, wajen masu nono.

Kowa ya san mai da ruwa ba sa shiri. Zuba man gyaɗa a kofin ruwa, ki juya da cokali. Kina ajiye cokalin, man zai taso ya kwanta a sama. To amma dubi madarar da aka tatso yanzu. Akwai mai a cikinta? Akwai. Daga ina man shanu yake fitowa in ba daga nan ba? To me ya sa ba ma ganinsa? Saboda ya rarrabu ƙanana-ƙanana, ido ba ya gani, kuma kowane ɗigo yana da 'yar riga da ke hana shi manne wa ɗan uwansa.

Wannan gaurin mai da ruwa da ya zauna lafiya, Turawa na kiransa imalshan. Mu a shirin nan mu kira shi madarar magani.

Iri biyu ne, kuma duka biyun suna cikin ƙwaryar mai nono. Madara, ɗigon mai ne a cikin ruwa. Idan aka kaɗa nono har mai ya taru, an juya lamarin: man shanu, ɗigon ruwa ne a cikin mai. Mai a cikin ruwa, madara. Ruwa a cikin mai, man shanu.

Wa ke sasanta su? Dole sai da mai shiga tsakani, abin da gefensa ɗaya ke son mai, ɗayan ke son ruwa. Sabulu haka yake, shi ya sa yake ɗauke maiƙon tukunya. Ƙaron da ake tsinka a jikin dakwara a dazukanmu ma yana wannan aiki. Kamfanonin lemon kwalba na duniya suna sayensa don ya riƙe musu man ƙamshi a cikin ruwa. Kai, ko almajiri ya san in babu ƙaro tawada ba ta zama. A allurar da ke bi ta jijiya kuwa, abin da aka fi amfani da shi wani sinadari ne da ake tacewa daga ƙwanduwar ƙwai.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Wretlind, shi ya haɗa man waken suya da wannan sinadarin ƙwanduwa ya samar da madarar da za a iya sa wa mutum ta jijiya lafiya. An fara amfani da ita a 1962, don ciyar da marasa lafiyar da ba sa iya cin abinci. Wanda aka taɓa yi wa tiyata, wataƙila ya ga wani farin magani kamar madara a sirinji kafin barci ya ɗauke shi. Shi ma ɗan gidan ne.

Ƙanƙantar ɗigon nan ita ce rai. Dole ya fi ƙwayar jini ƙanƙanta nesa ba kusa ba. In ka jera su, fiye da 200 za su shiga kaurin silin gashi ɗaya. In ɗigon ya yi girma, zai toshe ƙananan hanyoyin jini na huhu. Wannan maganar mutuwa ce. Don haka aikin masana'anta ne da injuna, ba a yin sa a gida.

To ina ruwan daji da madara? Idan aka ɓoye magani a cikin ɗigo, ba ya fita lokaci guda. Sai ya ratsa mai kafin ya kai ga jini. Kamar randar ƙasa ce, ruwa yana tsattsafowa ta jikinta a hankali. Na biyu, wasu magungunan daji sam ba sa narkewa a ruwa, sai a mai. Na uku, akwai dajin da ke haɗiye mai ya riƙe shi. Wannan na ukun shi zai kai mu kashi na gaba, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ya shafe mu ƙwarai.

Kashi na uku: dajin hanta.

A 1901, a Faransa, wani mai haɗa magani, Marcel Guerbet, ya haɗa sinadarin aidin da man 'ya'yan wani fure. Aka sa wa man suna Lipiodol. Yana fitowa fari tas a hoton asibiti, don haka likitoci suka riƙa amfani da shi wajen ɗaukar hoton cikin jiki. An kuma yi amfani da shi a wasu ƙasashe don maganin maƙoƙo, allura ɗaya ta riƙe mutum shekaru.

A wajajen 1980, likitoci a Japan suka lura da wani abu. In an zuba man nan a jijiyar da ke kai jini hanta, lafiyayyen ɓangaren hanta yana wanke shi ya fitar. Ƙullin daji kuwa sai ya riƙe shi, makonni, har watanni. Sai suka ce, tunda ɓarawo yana son wannan tuwo, mu sa masa magani a ciki.

Ga hikimar Ubangiji da ta sa abin ya yiwu. Hanta tana da ƙofofin jini biyu. Lafiyayyar hanta tana samun kusan kashi 3 cikin 4 na jininta daga ƙofar da ta taso daga hanji. Ƙullin daji kuwa, kusan duk abincinsa ta ɗaya ƙofar yake shigowa, wadda ta taso daga wajen zuciya. Ke nan kowa da hanyarsa.

Ga yadda ake aikin. Likita zai ɗauko sirinji biyu. Ɗaya da man nan. Ɗaya da maganin daji narke a ruwa, sau da yawa wani jan magani mai suna dokzorubisin. Sai ya haɗa bakin sirinjin biyu, ya riƙa tura wannan cikin wancan, wancan cikin wannan, kamar mai burga nono. Har su zama abu ɗaya mai kauri. Ruwa a cikin mai. Irin man shanu ke nan. A nan take ake haɗawa, a nan take ake amfani da shi, don in ya jima zai rabu.

Daga nan sai a zura wata siririyar roba ta jijiyar matsematsi. Ana kallo a na'urar hoto, ana tura ta, har bakin ƙofar da ke ciyar da ƙullin. A zuba gaurin. A biyo da abin da zai toshe ƙofar. An ba shi guba, an kuma rufe masa rumbu. Maganin yana ciki yana fita kaɗan-kaɗan, abin da ke zagaya sauran jiki ya ragu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shi jan maganin nan in ya taru da yawa a jiki yana raunana zuciya.

A 2002, bincike biyu, ɗaya a Basalona ta ƙasar Sifen, ɗaya a Hon Kon, suka nuna wannan aiki yana ƙara wa marasa lafiyar da suka dace da shi kwana.

Ku ji da kyau, na ce ƙara kwana. Galibi ba ya tumɓuke ciwon. Kuma na ce waɗanda suka dace. Mutumin da cikinsa ya riga ya cika da ruwa, idonsa ya yi ɗorawa, hantarsa ta gaji, ba a yi masa, don zai ƙarasa ta ne. Bayan aikin akan yi zazzaɓi da ciwon ciki da tashin zuciya na 'yan kwanaki. Sannan asibitocin da ke da na'ura da ƙwararrun yin sa a ƙasar nan ƙalilan ne, kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne. Ba zan ɓoye muku ba.

Me ya sa na ce ya shafe mu? Saboda manyan masu jawo dajin hanta biyu suna gidajenmu. Na farko, ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ita, akasarinsu ba su sani ba. Na biyu, gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. In biyun nan suka haɗu a hanta ɗaya, haɗarin yana ninkuwa. Gyaɗar nan da ta yi baƙi, mai ɗaci, wadda ake ware wa a ce a yi ƙuliƙuli da ita don kada a yi asara, ita ce.

Mu shiga kashi na huɗu, allurar wata-wata. Wannan ba baƙuwa ba ce. Iyayena mata sun san allurar tazarar haihuwa, ta wata 2 da ta wata 3. Makiyayi a kara ya san allurar shanu mai dogon aiki, wadda ake yi sau ɗaya ta yi kwanaki. Tunanin ɗaya ne: a ajiye rumbun magani a cikin tsoka, jiki ya riƙa ɗiba.

Akwai dajin da ke kama wani ƙullu a ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda aka fi gani ga dattawa. Sinadarin mazakuta ne abincinsa. Akwai maganin da ke rage wannan sinadari, sunansa lufrolayid. Da aka fito da shi a 1985, kullum ake yin allurarsa. Kullum. Sau 365 a shekara. Sai masana a Japan suka yi gauri mai hawa biyu: ruwan magani a cikin mai, shi kuma a cikin wani ruwan. Suka busar da shi ya zama gari. Kowace ƙwayar garin 'yar ƙwallo ce, da magani a ciki, jikinta kuma irin zaren ɗinkin tiyata ne mai narkewa da kansa. A 1989 aka amince da ta wata-wata a Amurka. Daga baya aka samu ta wata 3, har ta wata 6. Daga 365 an dawo 12, an dawo 4. Dattijon Gagarawa da ke biyan kuɗin mota ya fi kowa sanin bambancin.

Ga mata kuma akwai fulbestiran, da aka fara amfani da shi a 2002. Shi ba a gauraya shi da ruwa ba, a cikin tataccen man zurma yake. E, zurmar nan da ke fitowa a bayan gida. Allura biyu ake yi, ɗaya a kowane ɗuwawu. A watan farko akan ƙara ɗaya a tsakiya, daga nan sai wata-wata. Amma ba kowace sankarar mama yake yi wa aiki ba. Sai wadda ke cin sinadarin mata. Ta yaya za a sani? Sai an ɗebi 'yar tsoka daga ƙullin an auna. Shi ya sa in likita ya ce za a ɗiba, kada a gudu.

Wani abin sha'awa: man riɗi, riɗin nan da ake lodawa tirela-tirela daga yankinmu, yana cikin mayukan da masana'antun duniya ke tacewa su zuba wa alluran dogon aiki, har da na masu taɓin hankali. Mu muke nomawa, a can ake tacewa, a dawo mana da shi a 'yar kwalba da tsada. Wannan zancen wata rana ne.

Kada kuma ku ɗauka duk abin da aka gwada yana ci. Akwai maganin daji da ake kira fakilitaksel, asalinsa daga ɓawon wata bishiya a Amurka. Ba ya narkewa a ruwa, abin da ake narka shi da shi kuma yana tayar wa wasu da borin jini da sarƙewar numfashi. Wani kamfani ya mai da shi madara don ya guje wa hakan. Aka gwada a kan mata masu sankarar mama, sakamako ya fito a 2007. Bai kai tsohon aiki ba, aka ajiye shi. Ire-iren waɗannan da yawa suna ɗakin bincike har yau. In wani ya zo maka da kwalba ya ce sabuwar allura ce mai kashe kowane daji, riƙe kuɗinka.

Kashi na ƙarshe, abin da ya rage namu.

Allurar dogon aiki, in ta shiga ta shiga. Ƙwaya in ba ta karɓe ka ba, ka daina sha. Wannan kuwa babu mai zaro ta. Don haka ba a kemis ake yin ta ba, ba kuma mai yawo da jaka a kasuwa ba. Wadda aka yi don tsoka, in aka kuskure ta shiga jijiya, ana iya rasa rai. Likitan daji ne ke rubutawa, ma'aikacin da ya ƙware ne ke yi.

Sai ranar komawa. Gungume ma yana cinyewa. In an ce kwana 28, to 28 ne. Jin sauƙi alama ce maganin yana aiki, kuma ranar da ya ƙare ciwon zai ɗago kai. A rubuta ranar a bango. A gaya wa ɗa ko jika mai waya ya tuna. Ku kuma tambayi likitanku ko za a iya yi muku a asibiti mafi kusa, don a rage tafiya.

Sai zafi. Kun san Gumel a watan Afrilu. Nonon da ya wuni a rana kun san yadda yake tsinkewa, ruwa gefe, gudaji gefe. Madarar magani ma haka take lalacewa. Fulbestiran a firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In an ba ku ku taho da shi daga Kano, a sa shi a kula mai sanyi, kada ya daskare, kada kuma a bar shi a gaban mota. Kwalbar farin magani da kuka ga mai ya taso a samanta, a mayar. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Batun kuɗi, akwai asusun Gwamnatin Tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta ƙullun mafitsarar maza, kuma Asibitin Shika yana cikin waɗanda aka fara da su. Tambaya ba ta cin kuɗi.

To, na yi alkawarin dawowa kan maganar ƙarfe. Daga ina ta samo asali? Ni ga yadda nake gani. Ƙulli ya fito kamar ƙwayar gyaɗa. Aka shafa wannan, aka sha wancan, aka tofa, aka ɗaure. Shekara ta zagayo. Sai da ya fashe, ya bazu, sannan aka ɗauko mara lafiya a mota. Aka yi allura, bayan mako 2 rai ya yi halinsa. Sai a ce allura ce. Shekarar da aka yi a gida ba mai lissafa ta. Duk dabarun da na ba ku labari yau, sun fi amfani ga wanda ya zo da sauran ƙarfinsa.

Ita kuwa hanta, akwai allurar da ta fi duk waɗannan araha, don kyauta ce. Rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda Najeriya ta sa cikin rigakafin yara tun 2004. Ana so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Ba sai ranar suna ba, Inna. Ko a gida aka haihu, a naɗe shi a kai shi asibitin unguwa a ranar. Manya kuma a je a auna jini.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga rumbu, mu ga yadda ake shanya gyaɗa da adana ta har fumfuna ta rasa wurin zama. Wanda ke da ragowar ta bara, ya buɗe buhun ya duba kafin mu haɗu. Masu jinya a gida da asibiti, Allah ya ba da lafiya. A kwana lafiya.